A tsaye mashin ya ka da mu, amma ya kusa raba Inna da ƙafarta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauko waya sai zuciyata ta yi nauyi in ajiye, to yau dai Allah ya nufa. Ni ɗan acaɓa ne, mutumin ƙasar Kazaure a jihar Jigawa, kuma abin da zan ba ku labari a kai abu ne da mu masu babur ba ma ɗaukarsa a bakin komai, wato mashin ya kayar da kai kana tsaye, ko kana irin tafiyar nan da mai tafiya a ƙasa ma zai wuce ka. In aka ce haɗarin babur kowa tunaninsa gudu, karo da mota, karaya, jini a kwalta. In kuwa a tsaye ka faɗi sannu ɗaya za a yi maka a kama maka a ɗaga mashin, wani ma har ya yi dariya, shikenan an wuce wajen. To mu a gidanmu irin wannan faɗuwar ce ta kwantar da mahaifiyata watanni a asibiti.

Ba sabon shiga ba ne ni a harkar nan. A Kano na fara acaɓa tun ina saurayi, da wani Jincheng na wani bawan Allah da nake kai wa balas kullum da daddare, ina yin Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa zuwa Sabon Gari da Bata, duk wanda ya yi acaɓa a Kano a wancan zamanin ya san cunkoson da ake kutsawa a ciki. Ina nan har watan Janairun 2013 da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni. Abokaina da yawa sun koma adaidaita sahu, ni ban samu wanda zai tsaya min ba sai na tattaro na dawo gida. Da kuɗin gyaɗa da adashi da ɗan abin da na taho da shi na haɗa na sayi Boxer, na ci gaba da ɗaukar mutane zuwa ƙauyukan wajen Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ranar Lahadi kuma in nufi kasuwar Dambatta. Buhun hatsi na ɗauka, awaki na ɗauka, mara lafiya da mai riƙe shi na ɗauka, a yashi a taɓo a kan duwatsu, kuma Allah bai taɓa haɗa ni da haɗarin da aka zubar da jini ba.

Sai kun san wacece Inna kafin ku gane yadda abin ya kai inda ya kai. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita mutuniyar da ce sosai, har yau ba ta faɗin sunana, in za ta yi maganata sai tace yaron nan, ko tace yayanku in da ƙannena take magana. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta tambayata komai kai tsaye, ko gishiri ne ya ƙare sai dai ta aiko autarmu ta faɗa min. Babur ɗina kuwa ba ta hawa, ta gwammace ta biya wani ɗan acaɓan ya kai ta unguwa ni ina gida a zaune. Sannan tana da ciwon suga, an daɗe da gaya mata a asibiti, magani kuma wata rana a sha wata rana ya ƙare a yi makonni ba a sayo ba, musamman in ta ji jikinta da daɗi. Ta kan ce ƙafafunta suna mata dindiris, akwai sanda ta taka ƙaya a bayan gida ba ta ma sani ba sai da ƙanwata ta ga jini a takalminta. Mu duk sanyi muka ɗauka da tsufa, ba wanda ya haɗa wannan da sugan.

Daminar 2023 ce, watan Agusta. Kun tuna yadda aka shiga bayan an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin ƙanƙanin lokaci, kuɗin hawa ya ninka, fasinja ya ja baya, mutane suka koma takawa a ƙasa. A wannan halin aka yi mana rasuwa, yayar Inna da suke 'yan maza zar ta rasu a wani ƙauye ta wajen Roni, kuma dole ta je ranar sadakar uku tunda ba ta samu jana'iza ba. Autarmu ce ta lallaɓa ta tace Inna kuɗin da za ki ba wani zuwa da dawowa ai ya isa cefanen kwana biyu, ki bari Yaya ya kai ki mana. Da ƙyar ta yarda. Wallahi ranar daɗi na ji, har mashin na wanke da sassafe, na naɗe wani tsohon bargo na ɗaura mata a kan kujera don kar gargada ta dame ta.

An kwana ana ruwa, hanyar kuma burji ce mai ramuka, don haka tun da muka sauka daga kwalta a ƙananan giya nake tafiya ina kauce wa caɓi, kuma duk mai babur ya san irin wannan tafiyar ita ke sa inji ya ɗau zafi sosai saboda yana aiki amma iska ba ta dukansa. Mun iso lafiya lau. Ga ƙofar gidan, ga maza a zaune a kan tabarmi a gindin darbejiya ana karɓar gaisuwa, na rage tafiya gaba ɗaya ina neman inda zan tsaya kusa da zaure don kar ta ratsa ta cikin maza. Na karya kan mashin zuwa dama kenan sai wata 'yar yarinya ta fito daga zauren a guje da kwano a hannu, na damƙe birkin gaba. Mashin ya tsaya cak, yarinyar ta wuce ko taɓa ta ban yi ba, amma da yake kan a karye yake sai gaba ɗaya nauyin ya zubo ɓangaren dama. Na sauke ƙafa in tokare, wajen a ido busasshen yashi ne mai kyau, ashe wani tsohon rami ne da aka ɗebi ƙasar gini aka cike shi da shara aka zuba yashi a kai, ruwan dare ya jiƙa cikinsa. Ƙafata ta lume har wajen ƙwauri.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda ya tafi a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa. Ina riƙe da kan da dukkan ƙarfina, ina jin jijiyoyin hannuna suna ja, ina cewa Inna sauka, Inna sauka, to ina tsohuwa za ta iya dirowa ga zani ga hijabi har ƙasa ga ƙullin kayan gaisuwa a cinya. Mashin ɗin shi kaɗai ya haura kilo ɗari, ga ni ga ita, in yana tafiya shi ke riƙe kansa amma da zarar ya tsaya ƙafarka ce kaɗai, in ya karkata ya wuce wani mizani kuma babu ƙaton da zai dawo da shi da hannu. Haka muka kwanta ta dama, ɓangaren da salansa yake, wato bututun hayaƙin mashin.

Mutane suka taso da salati, kafin ka ce kwabo an ɗaga mashin an janye ni daga ramin. Duk abin bai fi a ƙirga goma ba. Inna ta miƙe da kanta, ta kakkaɓe hijabinta, ta ɗauki ƙullinta. Nace Inna kin ji ciwo? Ta kau da kai tace ba abin da na ji. Na sake tambaya, wani dattijo ma ya tambaye ta, tace lafiyata ƙalau, ta shige cikin gida wajen mata da ƙafarta ba ko ɗingishi. Sai hankalin kowa ya dawo kan mashin, madubin dama ya fashe, hannun birki ya lanƙwashe, fetur na ɗiga daga kabureta, ni kuma ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Aka ce an auna arziki, tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa, Allah ya kiyaye gaba. Na zauna aka yi addu'a da ni. Da la'asar ta fito muka kamo hanya, ba ta ce min komai ba, amma dama can ba ta cewa, don haka ban ga wani canji ba.

Bayan kwana biyu na lura a zaune take sallah, na aika a tambaya tace gwiwa ce. Sai abinci ya fara dawowa daga ɗakinta ba a taɓa ba, sai zazzaɓi da daddare, aka sayo mata maganin maleriya tunda damina ce kowa shi yake yi. An kusa mako a haka. Ranar nan na dawo cin abincin rana sai maiɗakina ta tare ni tun a tsakar gida idonta jawur tace Malam ajiye mashin ɗin nan ka zo ka ga ƙafar Inna. Ashe ta shiga gyara mata shimfiɗa ne ta ji wani wari, ta ga ƙudaje na bin gefen zaninta, ta matsa mata da kuka har ta yarda ta buɗe.

Ban taɓa ganin ƙafar mahaifiyata sama da idon sawu ba sai ranar. Ciwon yana ta ciki, a sha-raɓar dama, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Tsakiyarsa ya yi fari-fari da baƙi-baƙi ya bushe ya ƙandare, gefensa kuma ya yi ja yana fitar da ruwa, zanin ya manne a wani wajen sai da aka jiƙa da ruwan ɗumi aka ɓamɓare, ƙafar gaba ɗaya ta kumbura tana sheƙi har yatsu. Kan ciwon ga wani abu rawaya ga wani baƙi sun cakuɗe. A hankali labarin ya fito. Tun a gidan makoki da ta shiga ɗaki ta duba ta ga fatar ta saluɓe, matan da ke wajen suka shafa mata makilin da ɗanyen ƙwai, da muka dawo gida ta sa manja, da ta ga yana ruwa ta aiki jikanta kemis ya sayo kafso ta buɗe ta barbaɗa garin, daga baya ta ƙara da garin bagaruwa. Kuma ta roƙi matan can da girman Allah kar wadda ta gaya min. Abin da ta faɗa wa maiɗakina, ina tsaye a bakin ƙofa ina ji don ba da ni take magana ba, cewa ta yi, yaron nan da babur ɗin nan yake ciyar da mu, in aka ji ya ka da uwarsa ta ƙone a gaban jama'a wa zai ƙara yarda ya hau bayansa? Kuma ai ba ya min zafi.

Wannan kalmar ta ƙarshe, ba ya min zafi, ita ce ta fi tayar wa ma'aikatan asibiti hankali da muka kai ta da yammacin ranar. Wata sista mai kirki ta ja ni gefe ta yi min bayanin da har in mutu ba zan manta ba. Tace ƙuna mai zafi da raɗaɗi sau da yawa ita ce ta sama-sama, wadda ta ci fata har ƙasa tana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai mutum ya ga ba ya jin komai ya ɗauka sauƙi ne. Sannan ciwon suga in ya daɗe shi ma yana kashe jin ƙafa, wannan dindiris ɗin da take faɗa kenan, shi ya sa lokacin da salansa ya danne ta ba ta fizge ƙafar da sauri ba yadda ni ko kai za mu yi. Ga shi kuma suga in ya hau ciwo ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta suna samun wajen zama. Tace da a ce a take aka samu ruwa mai tsafta mai ɗan sanyi, na randa ma ya isa, aka yi ta kwarara wa wajen na kamar minti ashirin, aka rufe da tsumma mai tsafta aka kawo ta a ranar, da labarin ba haka yake ba. Ba ƙanƙara, ba makilin, ba ƙwai, ba manja, ba gishiri, ba baƙin mai, in ya ɗuri ruwa kuma kar a fasa. Ina jin ta ina tuna cewa a zauren gidan nan akwai randuna cike da ruwa da aka ajiye wa masu zuwa gaisuwa.

Aka ba ta gado, aka gwada suga aka ce ya hau sosai, aka fara mata allurar insulin da ta tetanus da ƙarin ruwa da allurai na kashe ƙwayoyin cuta. Wankin ciwon kuwa ba na fatan ko maƙiyina ya gani a jikin nasa, kankare mataccen naman ake yi har sai an tarar da mai jini. Bayan 'yan kwanaki likita ya kira ni da ƙanina yace gaskiya ciwon ya yi zurfi kuma kumburin yana hawa sama, gara mu wuce Kano inda akwai ƙwararru, ya kuma gaya mana ƙarara cewa in ya taɓa ƙashi ko ya ƙi tsayawa, ana iya kaiwa ga yanke ƙafar don a ceci ranta. Na fito na zauna a bakin baranda na rasa ma me zan yi, hawaye kawai ke zuba, ƙanina ne ya je ya nemo mota.

A Kano muka daɗe. Ƙannena mata suna karɓa-karɓa wajen kwana da ita, ni kuma ina kwana a harabar asibiti a kan kwali tare da sauran masu jinya, in gari ya waye a miƙo takarda in tafi sayo magani ko kai jini gwaji. A layin masu wankin ciwo na ga abin da ya buɗe min ido, kusan duk wanda na zauna kusa da shi na tambaya sai in ji da ƙaramin abu ya fara. Wani dattijo kaskon wuta ya sa a ɗaki lokacin sanyi ya miƙe ƙafa barci ya ɗauke shi. Wani sabon takalmi ne ya ci masa dunduniya. Wani mai yankan farce ne ya ɗan taɓa shi. Duk masu suga ne, wasu an cire yatsa wasu an cire har gwiwa. Mu Allah ya taimake mu hoton da aka ɗauka ya nuna ƙashi lafiya, sugan ya sauka da insulin, ciwon ya fara yin ja mai kyau. Wani abin da ya ba ni mamaki har zuma suka sa na nemo mai kyau marar haɗi suna sawa a wajen diresin, amma bayan sun wanke da ruwan asibiti sun cire duk abin da ya mutu, kuma da bandeji mai tsafta, ba irin lafta-laftar da muke yi a gida ba. Da wajen ya yi kyau sai aka shiga da ita tiyata aka yanko siririyar fata daga cinyarta aka dasa a kan ciwon.

Kuɗi kam an kashe. Tumakin maiɗakina su suka fara tafiya, ita da kanta tace a kai su kasuwa, sai 'yan kunnen autarmu, sai na jinginar da gonar da mahaifinmu ya bar min. 'Yan uwana 'yan acaɓa na tasharmu sun yi karo-karo sun aiko min har Kano a leda, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar duk sun cukurkuɗe suna warin fetur, a lokacin da su kansu wani sai ya wuni bai mayar da kuɗin mai ba, Allah ya saka musu da alheri. Na so in sayar da mashin, har an yi min tayi, labari ya kai kunnen Inna ta aiko ƙanwata tace a gaya wa yayanku in ya sayar da babur ɗin nan ban yafe ba. Dole na haƙura, kuma yanzu da sabo ya haura naira miliyan na san da na sayar da ban ƙara mallakar wani ba.

Daren da za a yi mata aiki na samu ƙannena sun fita alwala, na durƙusa a gefen gadon nace Inna ki yafe min. Ta juyar da fuska bango, ta daɗe ba ta ce komai ba, can tace me ka yi? Abin da Allah ya rubuta ne, tashi ka je ka ci abinci. Ita kenan maganar da muka yi a kai ni da ita har yau.

A nan ina so in faɗi wani abu da ke cina a rai. Kunya da kara da kawaici tarbiyyarmu ce kuma ina alfahari da uwar da ta haife ni a kan haka, soyayya ce ta sa ta ɓoye ba wani abu ba. Amma wallahi iyayenmu mata suna cutuwa a ƙarƙashin wannan ba komai ɗin. Ni namiji ba ni da ikon in ce wa mahaifiyata ɗaga zaninki in gani a gaban mutane, ko a ɗaki ma ba zan iya ba, matan da suka gani kuma sun rufa mata asiri kamar yadda ta roƙa, kowa a ganinsa alheri yake yi, a haka mako guda ya wuce ciwo yana cin nama. Da mace ɗaya a cikinsu ta faki ido ta turo min yaro a waje yace ana kiranka, da a ranar mun kwana a asibiti.

Da na dawo bakin aiki sai na samu kaina a wani hali. Gudu ba ya ba ni tsoro, tsayawa ce ke ba ni tsoro, duk sanda zan tsaya da fasinja sai gabana ya faɗi in ji hannuna na rawa, mace ko tsoho in sun tsayar da ni sai in ce ba can na nufa ba. Wani tsohon bakanike da nake kai wa gyara tun dawowata daga Kano shi ya zaunar da ni a rumfarsa yana canza min hannun birkin, yace kai ɗan nan, duk wanda ya ce maka mashin bai taɓa ka da shi a tsaye ba to bai daɗe a kai ba. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna min tabon salansa a tasa sha-raɓar, ya kira yaran shagonsa biyu su ma kowa da nasa. Ya hau mashin ɗina ya sa yaro ya tura shi a hankali, ya karya kan ya damƙe birkin gaba, nan take ya zube gefe sai da muka tare, ya sake yi da kan a miƙe ya taka birkin ƙafa, ya tsaya daram. Yace ka gani, in kana tafiyar hawainiya ko kana juyawa a lungu birkin ƙafa ne naka, na hannu sai kan yana miƙe, kuma kafin ka tsaya idonka ya riga ƙafarka sauka ƙasa. Shekaru ina tuƙi jikina ya san wannan amma ban taɓa jin wani ya faɗa da baki ba, mu ai ba wanda ya koya mana, ka iya keke a ba ka mashin ka zagaya fili sau biyu shikenan ka zama direba.

Shi ne kuma ya nuna min cewa murfin nan na ƙarfe da ke zuwa a kan salansa nawa babu, ya daɗe da kwancewa ya faɗi a hanya kamar na yawancinmu, ka duba mashinan tasha za ka ga da yawa salansa tsirara yake. Muka je wajen mai walda ya yanko faranti ya huhhuda shi ya ɗaura min da ɗan tazara tsakaninsa da bututun, kuɗin bai kai na litar mai biyu ba. Da na ba da labari a tasha sai kowa ya fara fito da nasa, wannan jak ne ya nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa mashin ya faɗo wa ɗansa da ke wasa a gindi, wancan fasinja ce ta ɗare kafin ya gama daidaita tsayuwa, wani buhun masara ne ya goce yana juyawa a ƙofar gida. Ba wanda ya taɓa faɗa a da, don abin kunya ake ɗaukarsa.

Yanzu in zan ɗauki mutum sai na kafa ƙafafuna biyu na riƙe birki sannan in ce bismillah hau, kuma ta hagu, sauka ma ta hagu, in mace ce in ce ta tattare hijabi da zani. In tsoho ne ko mai ciki ko mai goyo ba na kai su har bakin zaure in ban yarda da ƙasar wajen ba, gara in tsaya a inda ya yi tauri su ƙarasa da ƙafa ko da za su yi mita. Ina yawo da jarkar ruwa ƙarama ɗaure a kariya. Kwanakin baya ta yi amfani, wani abokin aikinmu ya zame a caɓin bakin kasuwa da wata yarinya 'yar makaranta a baya, salansa ya taɓa ta, kafin in iso har wani ya tafi sayo makilin, na hana, muka yi ta zuba ruwa ana cewa ya isa haka ina cewa bai isa ba, aka ƙaro da na mai shayi, sannan na sa shi ya kai ta asibiti ya kuma je har gida ya gaya wa iyayenta da bakinsa.

Inna tana nan da ƙafafunta biyu alhamdulillah, tana takawa har maƙota, sai dai wajen da aka yi dashen ya ɗan lotsa kuma launinsa daban, in ta daɗe a tsaye yana kumbura. Duk wata ana kai ta a gwada suga, magani kuma ko me za a rasa a gidan ba a bari ya yanke. An hana ta tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kuma kullum bayan isha'i maiɗakina na zuwa da fitila ta duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu kamar yadda aka koya mana a asibiti, da farko tana ƙi tana cewa sai kace jaririya, yanzu ta saba har ita ke miƙo ƙafar. Babur ɗina dai ba ta ƙara hawa ba, ni ma ban ƙara tayi ba, in za ta asibiti mota nake samo mata.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, ya sa kaffara ne. Gonar har yanzu tana hannun wanda na jinginar wa, mutumin kirki ne bai taɓa matsa min ba, mun yi da shi in an yi girbin riɗi bana zan kai masa abin da ya rage in sha Allahu.